Juma'ar da Na Cire Sunan Malam Nuhu

Cikin duk ranakun da na yi a gidan talabijin ɗin nan, akwai wata Juma'a da har gobe ban taɓa mantawa da ita ba. Ɗazu na ji kuna musu a kan wane ne gwanin kiɗan fim, wannan ya ce nasa, wancan ya ce nasa, har murya ta fara tashi. To ni ma ina da gwanina, kuma babu ɗayanku da ya taɓa ganin sunansa a talabijin. Saura ƙiris duk Kaduna ta gani, ni ce kuma na so jawo masa. Zan kira shi Malam Nuhu, ko da yake ba shi ne sunansa ba.

Lokacin ina mataki na takwas na albashi, shekarata ta uku a sashen tace shirye-shirye. Ga waɗanda ba sashenmu suke ba, aikin mai tacewa shi ne a kawo masa duk abin da aka ɗauka, ya yanke, ya jera, ya ɗora sauti da kiɗa, sannan ya rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin, su bi ƙarshen shiri. Wasan kwaikwayon da nake tacewa duk Juma'a ake nuna shi, ƙarfe biyar na yamma. Labarin gidan wani ma'aikacin gwamnati ne a Doka, kuma a wancan lokacin in ya fara, har masu shago sukan juyo da kujerunsu.

A takarda, Malam Nuhu ma'aikacin ɗakin ajiyar kaset ne. Shi ke karɓa, ya rubuta, ya jera a kanta. Amma duk kiɗan da ke cikin wasan nan, daga na buɗewa har na rufewa, shi ya yi. Wani tsohon ma'aikacinmu, marigayi Mista Ayuba, wanda ke kaɗa fiyano a cocinsu, shi ya koya masa tun suna samari. Bayan Azahar, in kowa ya tafi cin abinci, sai Malam ya shige wani ɗan ɗaki a bayan situdiyo, ya ja ƙofa, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. Kana wucewa ba za ka ji komai ba sai ƙarar fanka.

Yadda yake aiki ne ya sa ya zama gwanina. In na kai masa wata fitowa daga cikin wasan, sai ya kashe sautinta ya kalle ta sau uku, kamar kurma. Sannan ya juyo ya ce, "Malama Rakiya, a cikin mutanen nan biyu, wa ya fi jin ciwo?" In na faɗa, sai ya ce to shi za a yi wa kiɗan, ɗayan ya ji da kansa. Akwai fitowar da aka zo wa uwar gidan da labarin rasuwar ƙaninta. Na ce masa a zuba sarewa mai sa kuka. Ya ce a'a, ba a kiɗa a kan mutuwa, a bar ta da ƙarar cokalin da ya faɗi daga hannunta. Sai da ta fita tsakar gida ta zauna ita kaɗai, sannan ya saki tsirkiyar gurmi ɗaya, a hankali. Ni da na tace fitowar da hannuna sai da na share hawaye.

To amma in shiri ya ƙare sunaye suka fara hawa, abin da ake rubutawa shi ne: Kiɗa, Sashen Sauti. Haka na tarar, haka nake kwafa duk mako, kuma duk mako sai abin ya ci mini rai. Mai riƙe fitila yana da suna. Mai ɗaura wa 'yan wasa ɗankwali tana da suna. Mutumin da duk gari ke bin kiɗansa da baki shi ne ba shi da suna? Na yanke hukunci ni kaɗai cewa manya ne suka danne shi don ba shi da kowa a sama. Kun san halina, in na ga abin da na ɗauka zalunci ne, ba na tsayawa tambaya.

Ana nan sai aka kawo mana sabon Daraktan Shirye-shirye. Makonsa na biyu ya fitar da takardar umarni cewa duk wanda ya sa hannu a shiri, dole sunansa ya fito. Na ce madalla, abin nema ya samu. Ranar Alhamis ina tace kashin wannan makon, na goge Sashen Sauti, na rubuta sunan Malam cikakke. Don kada a ce wani Nuhun ne, na haɗa da sunan mahaifinsa, na ƙara da unguwarsu, Kurmin Mashi, yadda ake yi wa manyan mawaƙa. Na ba shi daƙiƙa huɗu shi kaɗai a fuskar talabijin. Har da ƙara wa rubutun girma, don iyayi.

Ƙa'idar gidan nan kun san ta. In an gama tacewa, kwamitin tantancewa ya kalla ya sa hannu, sai shiri ya wuce ɗakin watsawa. Daga nan babu mai ikon taɓa shi, ko wasali ɗaya ne, sai da sa hannun Darakta a takardar canji. Su kuwa 'yan kwamiti, da kiɗan rufewa ya tashi suke miƙewa suna neman takalmansu. Babu wanda ya ga abin da na rubuta. Suka sa hannu, shiri ya wuce.

Ranar Juma'a wajen sha ɗaya na leƙa ɗakin ajiya ina ta murmushi. Na ce, "Malam, yau dai ka kalli shirinmu har ƙarshe, kada ka tashi."

Ya ce, "Lafiya? Wani abu ya lalace a kiɗan?"

Cikina ba ya riƙe albishir. Na faɗa masa duka, har da unguwar.

Kaset ne a hannunsa. Ya ajiye shi a hankali, ya laluba kujera ya zauna. Sannan ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malama Rakiya, kin san wa zai ja sallar La'asar a masallacinmu yau?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ne. Kuma ni ke ba da karatun safe a zaurenmu, shekara biyu ke nan, tun da idon tsohona ya yi rauni."

Nan ya warware mini abin da tsofaffin ma'aikata duk suka sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Mahaifinsa Alaramma ne, magidanta ke ɗaukar karatu a gabansa, kuma shekara arba'in yana faɗa wa mutane su nisanci kiɗa. Abin da ya sani game da ɗansa shi ne yana aikin ajiyar kaset, kuma gaskiya ne. Malam Nuhu da kansa ya roƙi shugabannin da suka wuce kada a taɓa rubuta sunansa.

Ya ce, "Ba faɗansa nake tsoro ba, na haura hamsin. Tsohon nan ba shi da gona, ba shi da mota. Maganarsa kaɗai yake da ita a unguwar nan. Akwai talabijin a shagon aski da ke kallon ƙofar masallaci. In aka ce ɗan da ya ɗora a kan buzunsa makaɗi ne, wa zai ƙara zama gabansa da littafi?"

Na ce, "To Malam, me ya sa kake yi?"

"Malamai sun yi saɓani, na bi waɗanda suka sassauta, shi bai bi su ba. Sau biyu ina bari saboda shi, na kasa. A gidanmu mata na wanke-wanke suna bin kiɗan nan da baki, in wuce su kamar ban san shi ba. Haka na zaɓa, kuma haka nake so tsohona ya koma ga Allah bai ji ba."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Na ce masa, "Malam, ka tafi masallaci. Sunan nan ba zai fita ba." Ya girgiza kai, don ya san ƙa'ida ya kuma san yau Juma'a ce.

Da gudu na koma ɗakina na mayar da Sashen Sauti, na sa kwamfuta ta fitar da sabon kwafi. A injinmu na lokacin wannan kaɗai minti arba'in ne. Yana fitowa na kwashe shi sai ɗakin watsawa, wurin Oga Bulus, wanda ke riƙe da aikin ranar. Mutumin kirki ne, amma a kan takarda ko mahaifiyarsa ce ta zo sai ta nuna sa hannu.

Na ce, "Oga, layi ɗaya ne kawai a sunaye. Ka musanya mini."

Ya ce, "Ina takardar canji?"

"Darakta ba ya nan."

"To shirin ma ba ya canjuwa."

"In ya kira ka a waya fa?"

"Hajiya, an taɓa kira na a waya na canja shiri. Da abin ya ɓaci, mai kiran ya ce bai san zancen ba. Ni waya ba ta sa hannu." Ya karɓi sabon kwafin ya duba wurin da na gyara, sai na ga ya dafe kai. Ashe shi ma yana cikin waɗanda suka sani. Ya ce, "Kai, Hajiya, wa ya aike ki? To ji nan. Zan ajiye wannan kusa da wancan. Ki kawo mini takarda kafin huɗu da rabi. In babu, wanda kwamiti ya sa wa hannu shi zan saka, ko da raina ba ya so."

Sakatariyar Darakta ta ce ya tafi Katabu, ana ɗaura auren 'yar wansa bayan an sauko daga Juma'a, shi ne waliyyi. Na kira wayarsa sau biyar, a kashe. Na karɓi takardar canji, na cusa a jaka, na yafa mayafi na fita.

Wanda bai taɓa neman hanya a Kaduna ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya ba, bai san haƙuri ba. Duk inda mai keke napep ya kutsa, sai mu tarar an shimfiɗa tabarmi an tare titi. Muka yi ta zagaye ta lunguna yana mita, ina ce masa ya dai ja. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na sauka na taka da ƙafa har Kawo, da takalmin ofis mai tsini. A can na samu bas mai zuwa Zariya, saura mutum uku ta cika, direba kuwa ya tafi salla. Na zauna ina kallon agogo ina cizon yatsa. Ban taɓa jin haushin kaina irin na wannan zaman ba.

Uku saura na sauka a Katabu. Ban sha wuyar gane wurin ba, motoci sun cika bakin hanya. To amma ɗaurin aure taron maza ne, ƙofar masallaci cike da manyan riguna, babu mace ko ɗaya. In kutsa ciki in ce ina neman waliyyin amarya, ai sai a ɗauka wata fitinar na kawo. Sai na nemi motarsa, na san ta, na je na tsaya a jikin ƙofar direba na riƙe jakata. Na ce duk inda ya kai ga gaisawa, nan zai dawo. Masu wucewa suna kallona, ina kallonsu.

Sai uku da kwata ya fito, abokansa biyu na biye da shi. Da ya gan ni ya ja ya tsaya.

"Malama Rakiya? Gobara aka yi a ofis?"

"A'a, ranka ya daɗe. Allah ya sanya alheri. Minti biyu nake roƙo, a gefe."

Muka matsa bayan motar. Na miƙa masa takardar na ce sunan mai kiɗa nake so a cire daga shirin yau.

Fuskarsa ta canja. Ya ce, "Ni na ba da umarni a sa sunan kowa. Yau kuma ki biyo ni har wurin ɗaurin aure in sa hannu a cire na wani? Wa ya ce a cire? Wani ne ke son danne shi?"

"Shi mai sunan ne ba ya so, yallaɓai."

"Saboda me? Sata ya yi?"

"Dalilinsa na gida ne, kuma ba ni da izinin faɗa. Abin da zan iya faɗa shi ne ban tambaye shi ba na rubuta."

"To ki bari ya fita yau, mako mai zuwa a gyara."

"Ranka ya daɗe, in ya fita yau babu abin da ya rage a gyara."

Ya dube ni, ya dubi abokansa da ke jira. Ya ce ba zai sa hannu a takardar da ba dalili ba, kuma ba zai rubuta cewa umarninsa ne ya jawo matsala ba. Ya nuna mini layin da aka tanada don dalilin canji, ya ce, "In kina so, ki rubuta da hannunki cewa kuskuren mai tacewa ne. Amma ki sani kwafin takardar nan fayil ɗinki zai shiga, kuma bana ake duba ƙarin girmanku. Ki yi tunani."

Tunanin me? Tun daga Kawo na gama shi. Na ɗora takardar a kan but ɗin motarsa na rubuta: Kuskuren mai tacewa, ta sa sunan ma'aikaci ba da saninsa ba. Na sa hannu na miƙa masa biro.

Ya karanta ya ce, "Kin san abin da kika rubuta kuwa?"

"Na sani, yallaɓai. Gaskiya ce ai."

Ya girgiza kai ya sa hannu. Ya ce, "Ke dai akwai taurin kai. Maza ki tafi, hadari na haɗuwa."

Ruwan kuwa a hanya ya same mu. Na cire takardar daga jaka na naɗe ta a leda na tura cikin riga, na ce ni in jiƙe, ita kada ta jiƙe. A Kawo motoci suka cushe, huɗu da rabi ta buga ina cikin keke napep ina ta salati. Biyar saura kwata na faɗa ɗakin watsawa, ruwa na zuba daga mayafina, takalmi ɗaya ya rabu da tsininsa.

Oga Bulus na zaune, ya buɗe kwafin biyu a gabansa. Ya ce, "Na ce huɗu da rabi."

Na ce, "Oga, agogonka na gudu."

Ya karɓi takardar ya ɗaga ta sama yana duba sa hannun, kamar mai duba jabun kuɗi. Sannan ya cire tsohon ya saka sabon. Ban tafi ba. Na zauna a jiƙe na kalli shirin nan tun daga farko, har sunaye suka hau, har na ga Sashen Sauti ya wuce da idona. Sannan na tura wa Malam saƙo a waya, kalma biyu: An cire.

Ranar Litinin bayan Azahar ya yi sallama a ƙofar ɗakin tacewa. Bai saba zuwa ba, ni ke kai masa aiki. Ya ce ya ji abin da na rubuta a takarda, ya yi godiya, ya yi mini addu'a har na ji kunya. Na ce ni ce da neman gafara. Ya juya zai fita, sai ya tsaya yana riƙe da ƙofa.

"Malama Rakiya, wancan na farkon, kin goge shi?"

Na ce yana nan, yanzu nake shirin gogewa.

Ya mayar da ƙofar ya rufe. Ya ce, "Ko zan iya gani?"

Na jawo masa kujera, na kai ƙarshen shirin na saki. Kiɗansa na rufewa ya tashi, sunaye suka fara hawa, sai ga nasa ya fito shi kaɗai, manyan baƙaƙe, da sunan Alaramma a jikinsa. Daƙiƙa huɗu, ya wuce. Malam bai motsa ba. Ya ce, "Ƙara mayarwa." Na mayar. Wannan karon ya matso da fuskarsa, leɓɓansa na motsi, yana karanta sunansa kamar na wani baƙo.

Ya ce, "Ashe haka yake fitowa." Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. "Shekara ashirin da shida. Ya yi kyau, Malama. To goge shi, ina kallo."

Na goge a gabansa. Ya miƙe ya ce in akwai fitowar da ke jiran kiɗa in kai masa kafin La'asar.

Ƙarin girmana sai da ya yi jinkirin shekara guda, kuma ban taɓa zuwa ofishin kowa roƙo a kai ba, don ni na saya da hannuna. Abin da nake so ku ɗauka, ku masu tasowa, shi ne layin nan na sunaye da kuke bugawa cikin gaggawa kuna hamma, ba ado ba ne. Kowane suna akwai gida a bayansa, akwai unguwa, akwai mutanen da ba ku sani ba. Tun daga ranar ban ƙara rubuta sunan kowa ba sai na je na same shi na ce, yaya kake so a rubuta, kuma kana so a rubuta ɗin? In mutum ya ce muku a'a, ku cire, kada ku tsare shi da tambaya. Kuma kada ku ɗauka ba ya so ne.